Jakin gita mai kuran: a auna kafin a saya

Yau a ƙasar Nijar da wuya a yi babban biki a Agadas, ko Abalak, ko Cintabaraden, ba a ji kukan gita mai kuran ba. Daga can kiɗan ya gangaro Tawa da Yamai, ana kuma jin sa a salula har cikin ƙauyukan Maraɗi da Damagaram. Samari da dama, ɗiyan makiyaya da ɗiyan manoma, da gita suke samun na cefane in rani ya yi. Wani raguna ya sayar ya saye ta. Wani kuwa wansa ne ya ɗauko masa ita daga Libiya ko Aljeriya. Ga irin wannan saurayi, gita kamar amalanke take ga mai amalanke. Ran da ta kwanta, ran nan babu kuɗi.

To, gita tana tsufa, kuma a ƙasa mai ƙura da zafi tsufan nata yana sauri. Wata rana sai ta soma ƙarya. A ɗaure ta daidai, a kaɗa a saman wuya murya ta yi kyau, da an gangara ƙasa sai muryar ta kauce. Tsirkiya ta riƙa tsinkewa a tsakiyar biki. Mai ita ya ce ta mutu, ya soma tunanin sayen wata. Sau da yawa kuwa ƙarfe ɗaya ne ya gaji, shi ne jaki. Ana iya gyara shi, ana iya sauya shi, da kuɗi kaɗan bisa kuɗin sabuwar gita. Amma da sharaɗi: sai an auna. Jakin da bai yi daidai da gita ba, kome ƙyallinsa, asarar kuɗi ne.

MENE NE JAKI?

Duk wanda ya taɓa duban goge ko gurmi da kyau ya ga ɗan guntun itace ko kara da ake sawa tsakanin fata da tsirkiya. Shi ke ɗaga tsirkiya, shi ke kai motsinta ga fata. Makaɗa suna ce masa jaki, don shi ke ɗauke da kaya. Gita ma tana da nata jakin. Yana can ƙasa, a kan cikinta, inda tsirkiyoyi shida suke ƙarewa. Na gita mai kuran ƙarfe ne, an kafe shi da ƙusa mai murɗi, wadda makanikai ke kira bis. A bisansa akwai ƙananan ƙarafa shida, kowace tsirkiya da nata. Su ake kira sirdi. Kowane sirdi yana hawa yana sauka, yana matsawa gaba yana komawa baya.

Kayan da wannan jaki ke ɗauke da shi ba kaɗan ba ne. In an ɗaure tsirkiyoyi shida, jan da suke yi ya kusa kilo 40, in masu kauri ne har ya wuce 45. Wato kusan rabin babban buhun hatsi, dare da rana, ba a sauke masa. Ga gumin hannun makaɗi da ke sauka a kansa kullum. Gumi kuwa da gishiri, gishiri kuma tsatsa yake kawowa. Ga ƙurar hunturu da ke shiga kowace kafa. Don haka shi ke riga sauran gajiya.

Akwai bambanci babba tsakanin jakin gurmi da na gita. Mai gurmi in jakinsa ya goce, da ɗan yatsa yake mai da shi. Wuyan gurmi sumul yake, makaɗi yana dannawa inda kunnensa ya ce masa. Gita kuwa an gitta mata ƙananan sandunan ƙarfe a wuya, 21 ko 22, kamar gaɓoɓin karan dawa. An kafa su da lissafi, ba su motsi. Lissafin ya dogara ga tsawon tsirkiya, daga matashin sama, wato ɗan farin abin nan mai tsaga shida da ke kusa da kai, har zuwa sirdi. In jaki ya kauce daga wurinsa ko da milimetir 3 ne, gaɓoɓin duka sun zama maƙaryata.

MAI GYARAN REDIYO NE YA ƘERA TA

Irin gitar da aka fi gani a bukukuwan ƙasar nan sunanta Stratocaster. Ta fito a shekarar 1954, a garin Fulaton na jihar Kalifoniya, can Amurka. Wanda ya ƙera ta, Leo Fender, ba makaɗi ba ne. Mai gyaran rediyo ne. Da idon mai gyara ya yi ta. Wuyanta bis huɗu ke riƙe da shi. Jaki, da kunnuwa, da kayan kuran, duk da bis aka ɗaure su, don in abu ɗaya ya lalace a cire shi a sa wani. Yau masana'antu a Sin da wasu ƙasashen Asiya suna ƙera kwaikwayonta da araha, su ne suka fi isowa kasuwannin nan. Siffa ɗaya ce, amma awonsu ba ɗaya ba ne. Nan matsala take.

Makaɗan sahara ma da hannunsu suka soma. Ibrahim Ag Alhabib na ƙungiyar Tinariwen, yana yaro ya haɗa gitarsa ta farko da gwangwani da sanda da wayar birkin keke. Mdou Moctar, ɗan arewacin jihar Tawa, shi ma da itace da wayar keke ya ƙera tasa ta farko. A 2008 ya je Sakkwato ya naɗi waƙoƙinsa, suka bazu daga salula zuwa salula, daga baya ya zaga Turai da Amurka da kiɗa. Wanda ya iya haɗa gita daga itace, kwance bis shida ba zai gagare shi ba.

A DUBA TUKUNA

Ba kowane ciwo ke son sabon jaki ba. Mai gyara na kirki yana fara tambaya: me gitar ke yi?

In tsirkiya ɗaya ce ke yawan tsinkewa, a duba inda take tsinkewa. In kullum a kan sirdi ne, to tsirkiya ta ci sirdin ta yi masa tsaga mai kaifi. A shafa zaren auduga a wurin, in ya maƙale, kaifin na nan. A goge shi a hankali da takardar yashi mai laushi sosai, irin ta kafinta. Shi ke nan.

In tsatsa ce ta kama ƙananan bis na sirdi suka ƙi murɗuwa, a cire sirdin a jiƙa shi cikin kananzir ya kwana. Da safe a goge da tsohon buroshin haƙori, a shanya, a ɗiga man keken ɗinki ɗigo ɗaya. Kada a yi kokawa da bis mai tsatsa, kansa zai cinye, daga nan sai dai a jefar.

Ana kuma sayar da sirdi shida su kaɗai, ba tare da faifan jaki ba. Sun fi araha, sa su ya fi sauƙi. Sai dai su ma faɗinsu iri biyu ne, na milimetir 10 da rabi da na 11 da ɗoriya.

Jaki gaba ɗaya ana sauya shi in faifansa ya lanƙwashe, ko ramukansa sun cinye yana girgiza, ko dunƙulen ƙarfen da ke ƙarƙashinsa ya tsage. Wannan tsagewa tana yawan faruwa ga gita mai araha, don dunƙulen nata na tutiya ne, ba baƙin ƙarfe ba. Ana gane su da mayen ƙarfe: yana kama baƙin ƙarfe, ba ya kama tutiya. Masu saidawa suna cewa dunƙulen baƙin ƙarfe yana sa murya ta daɗe tana amo. Makaɗa suna gardama a kan haka. Abin da babu gardama shi ne ya fi ƙarko.

AWO UKU KAFIN A JE KASUWA

Kayan awo ba su da wuya. Regil ɗin ɗan lakwal mai milimetir ya isa, da metir ɗin tela, da takarda da fensir.

Na farko, a ƙirga bis da ke gaban jaki, su ke riƙe shi da itace. Wasu gitoci shida gare su a jere, wasu biyu manya. Mai shida ba ya zama a wurin mai biyu sai an sake huda itace. In shida ne, a auna daga tsakiyar na farko zuwa tsakiyar na ƙarshe. Na tsohon awon Amurka milimetir 56 ne. Na yawancin gitocin Asiya milimetir 52 da rabi ne. Bambancin bai kai faɗin ƙwayar wake ba, ido ba ya ganin sa a cikin leda a butik. Amma in an zo ɗaurawa, bis na gefe ba su shiga ramukansu. Wanda ya matsa da ƙarfi sai ya tsaga itace. Wanda kuma ya sake huda ya sa mai faɗi a kan siririn wuya, tsirkiyar sama da ta ƙasa za su riƙa zamewa daga bakin wuya in an danna.

Na biyu, a auna kaurin jikin gita da tsawon dunƙulen ƙarfen. Gitar asali kaurinta ya kai milimetir 45. Masu araha da yawa ba su kai haka ba. In an sa dogon dunƙule a siririn jiki, zai leƙo ta baya, murfi ya ƙi rufuwa, ƙarfe ya riƙa sukar cikin makaɗi.

Na uku, tsawon tsirkiya. A auna daga matashin sama zuwa gaɓa ta 12, wadda ke da ɗigo biyu. A ninka biyu. A Stratocaster 324 ne, ninki biyu 648. A rubuta wannan lamba. Daidai wannan nisa daga matashi, nan sirdin siririyar tsirkiya zai zauna.

Abin da ya fi duka: a cire tsohon jakin a tafi da shi kasuwa, a ɗora shi kan sabon a gani. In saƙo za a ba direba ko ɗan uwa mai zuwa Yamai ko Kano, a naɗe tsohon a tsumma a ba shi, tare da takardar awo. "A sayo mini jakin gita" kawai, saƙon asara ne.

Bahago ya ƙara lura. Mdou Moctar bahago ne, gitarsa ta bahagwai ce. A irin wannan gita ramin hannun girgiza murya yana ɗaya gefen, don haka jakinta dabam ne. Bahagon da ya juya gitar dama ya sake jera tsirkiyoyi, kamar yadda Jimi Hendrix na Amurka ya yi, dole ya sauya matashin sama, ya kuma sake daidaita sirdi duka shida.

Akwai wata irin gita, ta Gibson da masu kwaikwayonta. Tsawon tsirkiyarta 628 ne. Jakinta a kan ginshiƙai biyu yake zaune, nisan da ke tsakaninsu kusan milimetir 74, kaurin ginshiƙan kuma ya bambanta daga masana'anta zuwa masana'anta. Nauyin tsirkiya kaɗai ke danne shi. Da an cire tsirkiyoyi sai ya faɗo ƙasa. A sa masa alama kafin a cire, don kada a mai da shi a juye.

KWANCEWA DA ƊAURAWA

A yi aikin cikin ɗaki, ba a tsakar gida ba. Ƙaramin bis in ya faɗa cikin rairayi ya tafi ke nan. A shimfiɗa farin zane bisa tabarma, a ajiye ɗan kwano don zuba bis. A cire wayar ampili daga gita.

A sassauta tsirkiyoyi ɗaya bayan ɗaya, a cire su. Kada a yanke su suna ɗaure, suna iya tsalle su sami ido. A kifa gita a kan matashin kai, a kwance murfin baya. A ciki za a ga rasor, wato ƙarfen nan mai naɗi da ke miƙewa ya koma. Yawanci uku ne, amma akwai wurin biyar. Su ke jan jaki ta baya, tsirkiyoyi suna jan sa ta gaba. A zare su ɗaya ɗaya. Ɗaya bakin nasu yana rataye a wani ƙarfe mai ƙugiyoyi, a jikinsa an liƙa wata siririyar waya da dalma. A bar wayar nan, maganarta tana zuwa. Yanzu a juya gita, a kwance bis shida na gaba, jaki zai fito ta sama.

A share wurin da busasshen tsumma. A duba ramukan bis. In wani ya buɗe bis yana juyawa ba ya kamawa, a fiƙe ɗan tsinken itace mai tauri, a shafa masa gam na kafinta, a cusa, a bari ya kwana. Gobe a yanke abin da ya leƙo, a yi ɗan ƙaramin rami a tsakiya.

A zaunar da sabon jaki. A goga wa kowane bis sabulu busasshe ko kyandir don ya shiga ba gardama. A murɗa da hannu, da turnabis wanda ya yi daidai da kansa. Ga inda mutane da yawa ke kuskure: suna matse bis shida ɗin nan har iya ƙarfinsu, kamar ana ɗaure ƙafar amalanke. In an yi haka bayan jaki zai ɗaga sama. Biyu na gefe a murɗa su har kansu ya taɓa faifai kawai, a tsaya. Huɗu na tsakiya a bar su da ɗan sarari kaɗan. A mai da rasor. A zura tsirkiyoyi ta baya, su bi cikin dunƙule, su fito bisa sirdi.

In ya zama dole a sake huda itace, wannan aikin kafinta ne mai haƙuri. A toshe tsofaffin ramuka tukuna. A auna 648 daga matashin sama a ja layi da fensir. A ja zare biyu daga matashi zuwa sirdin farko da na ƙarshe, a ga sun bar sarari iri ɗaya a gefen wuya dama da hagu. Sai an ga haka sannan a huda.

Saura shawara ɗaya. Masana'anta tana barin bayan jaki a ɗage kamar milimetir 3, yana lilo tsakanin rasor da tsirkiyoyi, don hannun girgiza ya yi aiki sama da ƙasa. Yana da daɗi, amma yana da tsada: da tsirkiya ɗaya ta tsinke, sauran biyar duk sun kauce, kiɗa ya tsaya. Ga makaɗin ƙauye, wanda butik ya yi masa nisa, ya fi a ƙara matse bis biyu na ƙarfen mai ƙugiyoyi har faifai ya kwanta daram a kan itace. Wasu ma suna sa guntun itace a bayan dunƙule su toshe shi gaba ɗaya. Eric Clapton na Ingila haka yake yi wa tasa.

DAIDAITA MURYA

Sabon jaki bai gama aiki ba sai an daidaita shi. Aikin hawa uku ne, kuma ba a tsallake hawa.

A fara da wuya. A ɗaure tsirkiyoyi daidai. A danna mai kauri a gaɓar farko da ta ƙarshe lokaci ɗaya, a duba tsakiya. Ya kamata a ga ɗan sarari kamar kaurin takarda biyu ko uku. In sararin ya yi yawa, ko babu shi sam, sandar ƙarfen da ke cikin wuya ce ke son murɗi. Wannan sanda ba ta son garaje. Rubu'in juyi ya isa, a jira, a sake dubawa. Wanda bai taɓa yi ba ya nemi wanda ya taɓa, don in ta karye gita ta tashi aiki.

Sai tsayin tsirkiya. Kowane sirdi yana da ƙananan bis biyu, ana murɗa su da ɗan lanƙwasasshen ƙarfe mai gefe shida, irin na masu gyaran keke da moto. A gaɓa ta 12, sarari tsakanin gaɓa da tsirkiya mai kauri ya zama kamar milimetir 2, na siririya kamar 1 da rabi. In ya yi sama, yatsa zai sha wuya. In ya yi ƙasa, tsirkiya za ta riƙa zuzu a kan gaɓoɓi. Sirdi ya zauna a miƙe, kada ƙafa ɗaya ta fi ɗaya.

Na ƙarshe shi ne maganin ƙaryar nan. A kaɗa tsirkiya a sake, a saurara. A danna ta a gaɓa ta 12, a sake kaɗawa. Murya ɗaya ya kamata a ji, babba da ƙarama, kamar uwa da ɗiya suna waƙa ɗaya. In ta gaɓa ta 12 ta haura sama fiye da kima, tsirkiya ta gajarta: a murɗa dogon bis na baya, a ja sirdi nesa da wuya. In ta yi ƙasa, a sassauta bis ɗin, a tura sirdi wajen wuya. Bayan kowane murɗi a sake ɗaure tsirkiyar, a sake ji. Mai kunne da kunnensa zai yi. Mai babbar salula yana iya sa mata abin awon murya, akwai na kyauta.

In an gama za a ga sirdi shida ba su jeru a layi ɗaya ba. Sun yi kamar matakala biyu, uku uku, na tsirkiya mafi kauri ya fi kowa komawa baya. Haka daidai ne. Danna tsirkiya yana ƙara ja ta, mai kauri kuma ta fi jin jan, shi ya sa take son ƙarin tsawo. Kada wani mai son tsari ya zo ya jera su.

Da sababbin tsirkiyoyi ake wannan aiki. Tsohuwa mai tsatsa ba ta faɗin gaskiya, kome gyaran sirdi. Silin wayar birki yana fitar da mutum kunya ran biki, don baƙin ƙarfe ne, mayen ƙarfen da ke cikin gita yana jin sa. Amma kaurinsa ɗaya ne, ba ya maye gurbin masu kauri. Zaren roba irin na kamun kifi kuwa, gita mai kuran ba ta jin sa ko kaɗan.

KUNNUWA DA SAURAN ƘARAFA

In gita ba ta riƙe ɗauri, kowa kunnuwa yake zargi, wato ƙarafan kai da ake murɗawa. Sau da yawa ba su da laifi. Ko dai an naɗa tsirkiya da yawa a kansu tana zamewa, ko tana maƙalewa a tsagar matashin sama. Naɗi biyu ko uku ya isa ga mai kauri, a jere, suna gangarawa ƙasa. Tsagar matashi kuwa a goga mata bakin fensir, yana sa santsi. In bayan haka kunne yana juyawa a banza, ko yana komawa da kansa, to ya mutu. Nan ma awo: ramin kunnuwan tsohon yayi bai kai milimetir 9 ba, na sabon yayi 10 ne.

Mashigar waya, inda ake soka wayar ampili, tana yawan sassautawa. Kada a murɗa ta daga waje kawai, don cikin zai juya tare, wayoyi su murɗe su tsinke. A kwance bis biyu, a fito da ita, a riƙe ciki da hannu sannan a matse. Abin ƙara murya in yana ƙarar yashi, ƙura ce. A juya shi gaba da baya sau da yawa. In ya ƙi, mai gyaran rediyo yana sauya shi, a dai duba lambar da ke bayansa a sayi irinta. A Stratocaster yawanci 250K ne. Maɓallan da ake rataya ɗamara su ma a duba su. Bis ɗaya in ya zare, gita ce a ƙasa.

WAYAR DA KE ƁOYE

Siririyar wayar nan da aka gani a baya tana haɗa jaki da tsirkiyoyi da jikin ampili. Aikinta rage gunjin kuran. In ta tsinke gita za ta riƙa gunji kamar gidan zuma, taɓa tsirkiya kuma ba ya rage shi. Bayan sauya jaki a tabbata tana nan a liƙe. In ta saki, mai gyaran rediyo ya liƙe ta da dalma.

Amma wannan waya tana nufin hannun makaɗi a haɗe yake da ampili. In ampili ya lalace, ko an yi masa jonin banza a gurup, kuran mai ƙarfin bolt 220 yana iya biyowa ta tsirkiya. Wannan ba wasa ba ne. A 1972 makaɗin gita Leslie Harvey ya mutu a gaban ƴan kallo a Birtaniya, da ya taɓa makirfo mai kuran. A 1976 mawaƙi Keith Relf ya mutu a gidansa a Ingila yana kaɗa gita mai kuran, yana da shekara 33.

Don haka in makaɗi ya ji ɗan cizo a yatsa, ko a leɓe in ya kusanci makirfo, ya tsaya nan take, a kashe gurup, a kira mai aikin lantarki. Kada a kaɗa ba takalmi a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, musamman da damina. Kada a soka tsirarar waya cikin soket da tsinken ashana. Kada a karya ƙafa ta uku ta filogi. Ƙaramin ampili mai batir, in ba a jona shi da gurup ko wutar gari ba, ba shi da wannan haɗari.

Itacen wuya yana motsi da yanayi. Da hunturu yana bushewa, da damina yana shan laima. Saboda haka sau biyu a shekara a sake duba sararin wuya da tsayin tsirkiya da muryar gaɓa ta 12. Bayan kowane biki a goge jaki da tsirkiyoyi da busasshen tsumma, a mai da gita jakarta, nesa da rana. Tsohon jaki kuma kada a jefar. A zuba shi cikin gwangwani mai murfi tare da bis ɗinsa da rasor ɗinsa, a sa takardar awo a ciki.